Kafin a Tona Rami a Ajiye Kuɗin Cike Shi

Zuwa ga Edita,

 Ban manta ba, a takardata ta makon jiya na yi wa masu karatu alkawarin zan ƙarasa zancen awon hatsi, da yadda mudu ya ke ramewa a hannun waɗansu 'yan awo. Ina roƙonsu su yi mini aikin gafara, su ɗaga mini zuwa wani mako. Wani al'amari ne ya taso mana nan Unguwar Hajji, na ga kuwa ya fi kyau in baje shi a wannan fili tun da sauran dama, gama ina zaton ba mu kaɗai za a kawo wa irin takardar da aka kawo mana ba.

Ran Laraba da la'asar, na taso daga ofis ke nan ko ruwa ban sha ba, sai ga yaro ya ce Mai unguwa yana kira. Na tarad da dattawa cike da zaure, an shimfiɗa wata takarda mai shafi 4 a tsakiya, kowa yana kallonta ba mai taɓawa. Ashe waɗansu baƙi ne suka zo da mota tun da kaka, suka zazzaga tudun da ke bayan gari, suka ɗebi duwatsu a buhu suka tafi. Yanzu sun komo, sun ce dutsen ya yi musu, suna so su yi haƙa, abin da ya rage sai masu gonaki 7 su dangwala yatsa. Da Turanci aka rubuta takardar, shi ya sa aka nemi akawu.

Na karanta musu ita tun daga fari har ƙarshe, ina fassarawa. Gaskiya wanda ya tsara ta ya san aikinsa. Ya faɗi abin da za a ba kowane mai gona a shekara, da ranar biya. Ya ce za a haƙa mana rijiyar burtsatse, a gina aji 2 a makaranta, a ɗauki samarinmu aikin lebura da gadi, kowane abu da adadinsa. Da na iso ga zancen ramin da za a bari, sai na tarar layi guda tak: kamfani zai gyara ƙasa idan ya gama aiki. Ba a faɗi nawa gyaran zai ci ba, ba a faɗi inda kuɗin su ke ba, ba a kuma faɗi wanda zai zo ya duba ya ce an gyara ba. Wani dattijo ya ga na yi shiru, ya ce, "Malam Akawu, mene ne aibinta?" Na ce, "Baba, a ba ni zuwa Jumma'a."

Abin da ya ɗaure mini baki, kowa a zauren nan ya san shi. Ina yaro ɗan makaranta wani ɗan kwangila ya zo aikin hanya, ya sayi gonar wani a bakin gari ya ɗebi marmara. Shi ma ya ce zai cike. Ran da aka gama hanya, kafin gari ya waye motocinsa sun ɗaga. Dattawa suka tura wakilai birni nemansa, suka tarar ofishin nasa ya zama shagon tela. Ramin yana nan yau fiye da shekara 20, bangonsa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Da damina ya kan cika ya batse, sauro su hana makwabta barci. Shekarar da na fita makaranta wani yaro makiyayi ya shiga ciro ɗan akuya, ba a sami gawarsa ba sai washegari. Kududdufin da kakanninmu suka bari wajen ɗiban ƙasar gini, ai gidajen da aka gina da ƙasarsa suna tsaye kewaye da shi, masu shi suna nan a yi musu magana. Wannan kuwa ba shi da uba.

Ba a haƙar kwal a ƙasar Ƙaraye ko Rogo, baƙin namu ma ba kwal su ke nema ba. Amma kwana biyun da na roƙa, a kan labarin kwal na ɓatad da su, domin a wajen kwal ne duniya ta fi shan wuyar irin wannan layi guda, a can ne kuma aka fara nema masa magani.

Kwal ɗin da ke kusa da sama ba a bin sa ta ƙarƙashi, yaye ƙasar a ke yi a kwashe shi. Da fari a kan kankare ƙasar sama, wadda ita ce ran gona, wadda kaurinta bai fi kamu ɗaya ko biyu ba, ita ce kuwa ta sha taki tun kaka da kakanni. Sa'an nan a tone jar ƙasa da dutsen da ke ƙarƙashinta a tara su tuli-tuli, kana a iso ga kwal. Muddin ana haƙa, kowace motar da ta fita da kaya kuɗi ta ke kawowa. Ran da kwal ya ƙare, ko kasuwarsa ta faɗi, ran nan kuɗi su ke daina shigowa, ran nan kuma aikin da ya fi kowane tsada ya ke farawa, watau mai da tulin ƙasa cikin rami, da daidaita shi, da shimfiɗa ƙasar sama, da shuka. Aikin nan ba ya kawo ko anini. To, wane attajiri ne zai zauna ya yi ta zuba dukiyarsa a rami bayan ciniki ya watse, in ba an riƙe masa wani abu ba?

Don kada a ce ina zuguguta magana, ga ɗan lissafi irin namu na akawuna. Eka guda tana da ƙafa 43,560. In aka tona ta zurfin ƙafa 20, ƙasar da aka fitar ta kai ƙafa 871,200, in an haɗa tsawo da faɗi da zurfi. Tifa matsakaiciya tana ɗaukar wajen ƙafa 350. Watau kusan sawu 2,500 ke nan kafin a cike eka guda. Mai karatu ya tambayi kuɗin tifar ƙasa a garinsu ya ninka da kansa. Sa'an nan ya tuna ramin kwal ba eka guda ya ke ci ba, zurfinsa kuma ba ya tsayawa ƙafa 20.

Mu mutanen Arewa mun ga wannan da idonmu, ko da ya ke a wajen kuza ne. Kakana ya yi cin rani sau da dama a Bukur da Barikin Ladi don neman kuɗin haraji, kamar dubban mutanen Kano da Zariya da Katsina. Ya kan ba mu labarin yadda su ke jerawa da kwano a ka, suna hawa da ƙasa daga rami. Turawan kamfani sun fara haƙar kuza a ƙasar Jos tun farkon shekarun 1900, har aka shimfiɗa musu ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya, ta isa Bukur a 1914. Shekara arba'in ana tona, ba dokar da ta tilasta wa kowa ya cike abin da ya tona. Sai a dokar ma'adinai ta 1946 aka fara ɗora wa kamfani wannan nauyi, ba ta kuwa shafi ramukan da aka rigaya aka bari ba. Waɗannan Gwamnati ce ta ɗauka, ta kafa wani sashe a ƙarshen shekarun 1940, ya riƙa baje tulin ƙasa yana dasa itacen turare. Abin da ya iya gyarawa ɗan kaɗan ne bisa ga ɓarnar. A 1985 kasuwar kuza ta rushe a London, kamfanonin da da ma sun raunana suka naɗe tabarmarsu. Tafkunan da suka bari a ƙasar Filato sun haura 1,000, suna cin mutane da shanu. Ko a jiharmu ta Kano, wanda ya je Riruwai a ƙasar Doguwa zai ga kufan ma'adinin da aka rufe a shekarun 1980.

Kada in zalunci gaskiya, waɗansu daga cikin tafkunan Jos sun zama abin arziki. Masu lambu, da yawansu Hausawa, suna jan ruwansu da rani suna noman kabeji da karas da latas da dankalin Turawa. Amma wannan dabarar talaka ce da ya ga ba yadda zai yi, ba shirin kamfani ba ne, sau da yawa kuma mai lambun dabam, jikan mai gonar da tafkin ya cinye dabam.

Kwal ɗin ƙasarmu kuwa a Inugu labarinsa ya fara. An gano shi a 1909, aka fara fitar da shi sosai a 1916, sa'ad da hanyar jirgi ta haɗa shi da Fatakwal. Kada mu ce bai shafe mu ba: jiragen da suka yi ta jan gyaɗarmu da audugarmu daga Kano zuwa bakin teku, kwal ɗin Inugu su ke ci, mu ma mun ci ladan kuturu. A ramin Iva Valley ne 'yan sanda suka harbe lebura 21 ran 18 ga Nuwamba 1949, kan rigimar albashi. A 1950 aka kafa hukumar kwal ta Gwamnati, haƙa ta yi ƙarfi har ta kai wajen tan 900,000 a shekara a ƙarshen shekarun 1950. Daga nan jirgi ya koma shan mai, yaƙin basasa ya zo, ramuka suka cika da ruwa, a farkon shekarun 2000 hukumar ta daina aiki. A nan akwai wata cuta da ramin marmara ba shi da ita. Tare da kwal a kan sami wani dutse mai haɗe da ƙarfe da farar wuta. Yana binne ba ya kome, amma da ya haɗu da iska da ruwa sai ruwan ya yi tsami, ya yi ja kamar tsatsa, ya kashe kifi da ciyawa. Irin wannan ruwa ya yi ta fitowa daga tsofaffin ramukan Inugu yana shiga kogin Ekulu, wanda mutanen gari su ke amfani da shi. Rami a kan iya cike shi a shekara guda, ruwan nan kuwa ya kan yi shekaru masu yawa yana tsiyaya. Abin lura, mai ramukan Inugu ba baƙo ba ne da za a ce ya gudu, Gwamnati ce da kanta. Ashe ko mai haƙa yana nan, in ba a ware kuɗin gyara tun ana samu ba, ba za a same su ba ran da a ke bukata.

Mutanen Amurka sun sha irin wannan wuya a jihohinsu masu kwal, har a 1977 shugabansu Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka da ta sake al'amarin. Ga yadda ta ke. Ba a ba mutum izinin yaye ƙasa sai ya kawo tsarin yadda zai mai da ita, ya kuma ajiye jingina. Girman jinginar ba bisa ga abin da ya ga zai iya ba ne. Hukuma ce ta ke ƙiyasta abin da za ta kashe in shi ya gudu ta ɗauko wani ɗan kwangila ya yi aikin, ba ta kuwa kasa dala 10,000 ko yaya wurin ya ƙanƙanta. Tilas ya tara ƙasar sama wuri dabam, kada ta cuɗanya da jar ƙasa. In ya cike rami ya daidaita, a kan iya mayar masa da kashi 60 cikin 100. In shuka ta kama, a ƙara masa wani abu. Sauran kuwa sai an shekara 5 ana kallon ƙasar, ko shekara 10 a wuraren da ruwan sama ya yi ƙaranci. In gona ce ta ƙwarai aka tona, sai amfanin da ta ke bayarwa ya komo kamar na makwabtanta. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya burge ni ƙwarai, gama manomi ne kaɗai ya san ciyawa ta tsiro dabam, dawa ta yi zangarniya dabam.

Ramukan da aka bari kafin 1977 fa? A 1977 dokar ta sa haraji a kan kowane tan na kwal, santi 35 in na sama ne, 15 in na ƙarƙashi ne, ana tarawa don gyaransu. An yi shekara 44 ana tarawa ana gyara, duk da haka a 2021 sai da majalisarsu ta ƙara dala biliyan 11.3 daga baitulmali. Ku dubi ƙasa mai arziki irin wannan, ku auna da mu.

Amma dokar tana da wata kafa, ita ce na fi so masu karatu su riƙe. An yarda kamfani babba mai dukiya ya tsaya wa kansa, watau ba ya ajiye kome, sai ya nuna littafin lissafinsa a ga yana da ƙarfi. Ku da kuka san kara, kun taɓa ganin baƙo ya sayi sa bashi ya ce shi ne lamunin kansa? Ai fatoma ko dillali a ke nema, wanda gidansa ya ke a gari, wanda za a kama in baƙo ya ɓace. Daga Agusta 2015 zuwa Afrilu 2016 manyan kamfanonin kwal 3 na Amurka, Alpha da Arch da Peabody, suka je kotu suka ce bashi ya fi ƙarfinsu, dukansu kuwa sun tsaya wa kansu. A jihar Wayomin kaɗai Alpha ya yi lamunin kansa a kan dala miliyan 411, abin da jihar ta iya samu a ba ta fifiko a kansa bai wuce miliyan 61 ba. Daga baya da suka farfaɗo an sa su sun kawo masu tsaya musu na gaskiya, amma da sun mutu gaba ɗaya, da talaka mai biyan haraji ne zai cike.

A Sikotlan kuma jinginar tana nan, sai dai ta yi kaɗan. A 2013 manyan kamfanoni 2 masu yaye kwal suka karye. Da hukumar gundumar East Ayrshire ta zauna ta yi lissafi, ta ga gyaran ramukan zai ci wajen fam miliyan 160, jinginar da ke rubuce kuwa ba ta kai miliyan 30 ba. Dalili, an ƙiyasta ta tun ramuka suna ƙanana, ramuka suka yi ta girma, ba wanda ya koma ya sake awo. Wanda ya ba da doki aro ya karɓi akuya jingina, ai ya sayad da dokinsa a kuɗin akuya.

Akwai wani labari da ban iya wuce shi ba. A ƙauyen Aberfan na ƙasar Birtaniya, ran 21 ga Oktoba 1966, tulin ƙasar da aka fitar daga ramin kwal ya jiƙa da ruwa ya zabtaro kan makaranta, mutum 144 suka rasu, 116 yara. Jama'ar duniya suka tara wa iyayen gudummawa. Da aka zo kwashe sauran tulin da ke kan dutse bisa garin, sai aka ɗebi fam 150,000 daga cikin kuɗin ta'aziyyar nan aka sa a aikin. Ba a mayar da su ba sai 1997. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, mu fa, ina dokarmu ta tsaya? Na yi murna da na ga ba mu rasa ba. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce dukan ma'adinin da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, lasin kuma daga Abuja ya ke fitowa, ba hakimi ko dagaci ko mai gona da ke da ikon sayad da shi. Amma ta ce a sanad da mai ƙasa a nemi yardarsa, wannan ne dalilin da ya sa baƙinmu su ke neman yatsun mutum 7. Ta ce kafin a fara haƙa a ƙulla yarjejeniya da jama'ar wurin a rubuce, a riƙa sake duba ta duk shekara 5. Ta ce mai lasin ya kawo tsarin gyaran ƙasa da ƙiyasin kuɗinsa, ya kuma riƙa zuba kuɗi a wani asusu na musamman da aka tanada don gyara, a hannun amintattu. Dokar ba ta tsaya ga kwal da zinariya da kuza ba, har dutse da yashi da tsakuwa da marmara ta haɗa. Sai dai doka tana Abuja, rami yana ƙauye. Ni dai a cikin shekarun da na yi ina shigad da takardu a ofis, ba wanda ya taɓa ajiye rasidin irin wannan asusu a teburina. Ta kuma ba mai lasin jinkirin shekara guda bayan an yarda da tsarinsa kafin ya fara zubawa. Ɗan kwangilar marmararmu bai yi wata 8 a garin nan ba.

Inda maganar ta fi gaggawa shi ne inda kwal bai ƙare ba tukuna. A Maiganga, cikin ƙasar Akko ta jihar Gombe, kamfanin siminti na Ashaka ya buɗe ramin kwal wajen 2007, aka ta da mutanen ƙauyen aka sake musu mazauni. A Okaba ta jihar Kogi an fara yaye kwal tun zamanin yaƙin basasa, da aka rasa na Inugu. A Jamhuriyar Nijar kuma, a Anu Araren ta ƙasar Agadas, kamfanin SONICHAR ya fara ƙona kwal yana ba da lantarki tun farkon shekarun 1980. Ban ce ɗayansu zai gudu ba. Na dai ce kowane kwal yana da ranar ƙarewa, duniya kuma tana juya masa baya, har Birtaniya da ta koya wa kowa aiki da shi ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal a 2024. Lokacin da mutanen wuraren nan za su tambayi nawa aka tara, a hannun wa, shi ne yanzu da motoci su ke fita da kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci na komo zaure da takarda tawa, da Hausa, shafi guda. Ban hana kowa ba da gonarsa ba, ba ni da wannan iko, na kuma san abin da rijiyar burtsatse ta ke nufi ga matan da ke tafiya ɗibar ruwa da rani. Abin da na rubuta shi ne, kafin a sa magirbi a ƙasa, a kawo wani masani wanda ba yaron kamfani ba ne, ya auna wurin ya faɗi abin da cikewa zai ci. Kamfani ya ajiye kuɗin nan tsaba a banki, a asusun da ba ya buɗuwa sai da hannu uku, nasa da na wakilin masu gonaki da na hukuma. Kada a karɓi alkawari a madadinsu, ko takardar mota, ko sunan wani babban mutum. Duk shekara bayan kaka a sake awon rami, in ya girma jingina ta girma. Ƙasar sama a tara ta gefe guda inda kowa ke ganinta, kada a sayar wa masu bulo. In an cike a mayar wa kamfani rabi, sauran sai gonar ta ba da dawa damina 3 a jere. Na ƙara da cewa su nuna mana lasin ɗinsu da tsarin gyaran da Gwamnati ta yarda da shi, a ajiye kwafi a wurin Dagaci.

Wani malamin makaranta abokina, wanda ba ya raga mini, ya ce, "Akawu, kai da alƙalaminka za ka kori arziki daga garin nan. Wa zai daskarad da jarinsa a banki tun bai sayad da dutse ko ɗaya ba? Sai su tafi ƙauyen gaba, mu mu zauna da takardarka." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ban kuwa raina ta ba. Na ce masa ba lalle ne a ajiye na tudun duka rana ɗaya ba. A tona eka guda, a ajiye na eka guda. In za a shiga ta biyu, a zuba ƙasarta a ramin ta fari, jinginar ta matsa gaba. Haka masu haƙar kwal na ƙwarai su ke yi, ya fi musu arha ma, tun da ba a ɗaukar ƙasa sau biyu. In kuwa jama'a sun fi son a bar musu tafki don lambu da shayad da dabbobi, sai a rubuta haka tun yanzu, a kwantad da bakinsa yadda yaro da saniya za su iya fita, wannan ma da kuɗinsa. Amma wanda ya ce cinikinsa ba zai ci riba ba sai in an yafe masa cike rami, ya gaya mana ke nan ribar tasa daga gonarmu za ta fito.

Wakilin baƙin ya zo da yamma, saurayi mai ladabi, ya durƙusa ya gai da Mai unguwa. Na karanta masa takardata. Ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, mun yi aiki wurare da yawa, ba inda aka taɓa tambayarmu wannan." Mai unguwa ya ce, "To, ɗana, yau an tambaye ku." Ya karɓi kwafi ya ce zai kai wa maigidansa. Bayan ya fita ne muka ji ashe ɗaya daga cikin masu gonakin ya riga ya karɓi kafin alƙalami tun watan jiya, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki da su. Ya sunkuyad da kai, ba wanda ya ce masa uffan, ni ma ban ga laifinsa ba. Gonarsa ce ta tsakiya, in aka tona ta sauran shida ba su da hanyar shiga tasu.

Takardun biyu suna wurin Dagaci yanzu, ya ce zai kai wa Hakimi ran Litinin. Ina roƙon masu karatu na Maiganga da Riruwai da Bukur, da duk akawun da ya taɓa riƙe rasidin asusun gyaran ƙasa a hannunsa, su rubuto wa Edita su gaya mana yadda ya ke, da ofishin da a ke tambayarsa, domin baƙin sun ce za su komo kafin ruwa ya sauka. Zancen mudu kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Naka,
Akawu,
Unguwar Hajji, ƙasar Ƙaraye.